Rantsuwarka da Cikin Isiyaku

Bin Mahmud, Doha.
Ranar Laraba.

Zuwa ga Autana, Mustafa,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan wannan takarda ta same ka cikin ƙoshin lafiya. Ya aiki, ya zafin garin nan, ya mutanen sabon ɗakinku na unguwar Najma? Allah Ya tsare min kai a hanyar Lusail, tafiya da dawowa, Ya raba ka da sharrin ƙarfe da sharrin baki, Ya sa ku rabu da kafil ɗinka, ubangidan da ya tsaya maka a takardun aiki, lafiya ranar da za ku rabu. Yayarka da mijinta suna gaishe ka, jaririya ma tana nan tana ta cika mana kunne.

Na san za ka yi dariya ka ce Umma ta tsufa, gari ɗaya muke amma tana rubuto wasiƙa. Kai ka jawo. Tun da na zo wankan jegon yayarka, ka kwashe kayanka ka bar min ɗaki, ban taɓa kai ƙarshen magana da kai ba. Da na buɗe baki sai ka miƙo hannu ka ciro min dabino a bayan kunne, kowa ya fashe da dariya, magana ta watse. Na koma aika maka saƙon murya, sai yayarka ta tona maka asiri, ta ce kana danna wani wuri muryata ta riƙa gudu don ka gama da ni da wuri. To takarda ba ta gudu. Ka zauna ka karanta ta har ƙasa, don ranar Asabar zan hau jirgi, kuma ba na son in tafi da wannan abu a ƙirjina.

Maganar Isiyaku ce, mai gadin nan ɗan Malumfashi da kuke ɗaki ɗaya. Ranar Juma'ar da ta wuce ya zo gaishe ni da ledar dabino, kai kana wurin aiki. Aka ba shi kujera ya ƙi, ya durƙusa a bakin ƙofa kansa a ƙasa. Yayarka ta kawo masa ruwa, ta dube shi da idonta na likita, ta ja ni kicin ta ce idanun mutumin nan sun yi rawaya, cikinsa ya kumbura, asibiti yake buƙata a makon nan ba na gaba ba. Muka fito ta tambaye shi ko yana da katin lafiya. Yana da shi, a aljihunsa ma yake. Ba kafil ne ya hana shi ba, ba rashin hali ba. Cewa ya yi abin da ke cikinsa ba na asibiti ba ne, jifa aka yi masa daga gida saboda ya samu fitowa waje. Kuma abin da ya kawo shi wurina shi ne in sa baki, in roƙar masa kai, ka cire masa abin kamar yadda ka cire wa wani Basudane allura a dantse ranar walimar Sallah.

Mustafa, ni aka durƙusa wa a ƙasar Larabawa ana roƙona in sa ɗana ya cire sammu. Ɗan da na sa a boko na sa a allo don kada ya gaji wannan abu. Na rasa inda zan sa kaina don kunya da takaici. Da na kira ka a waya sai ka yi dariya ka ce, "Umma, ai na gaya masa ni ba ni da komai, ya je asibiti." Na ce to ka nuna masa yadda aka yi. Ka ce ba zai yiwu ba, kun yi rantsuwa a ƙungiya, ba a tona sirrin wasa kuma ba a tona ɗan'uwa. Har da ce min khalas, a bar maganar. Ni ka ce wa khalas. To ba ta ƙare ba, yanzu ma aka fara.

Bari in gaya maka abin da na sani game da rantsuwar 'yan dabo, don na san ta tun kafin a yi tunanin haihuwarka. Kai ka tashi ka tarar da babanku, Allah Ya jiƙansa, yana awon hatsi, labarin dabonsa a bakin mutane kawai ka ji. Ni kuwa ɗan dabo na aura. Kasuwannin ƙauyukan Funtuwa babu wadda bai buɗe jakarsa a cikinta ba. Ya haɗiye ƙwai ya fito da shi a hular wani, ya yanka igiya ta koma ɗaya, ya zuba ƙasa a ƙwarya ta zama gero. Suna da ƙungiya, da shugabansu da suke ce wa Sarkin Dabo, kuma a zaurensa suke taruwa su ja ƙyaure su rufe. Wanda zai shiga sai ya yi shekaru yana ɗaukar jaka, sannan a rantsar da shi, a raba goro da wuƙa ya ci rabi Sarki ya ci rabi, a koya masa gaisuwarsu ta danna babban yatsa a tafin hannu. Mace ko ruwa za ta kai, a bakin zaure take ajiyewa ta juya.

Abin dariyar shi ne, duk wannan rufe ƙofa da suke yi, rigunansu wurina suke kawowa. Ni ce mai keken ɗinki a unguwar. Mutum zai zo yana muzurai ya ce a yi masa aljihu a ƙarƙashin hammata, wani a cikin naɗin hannun riga, kuma kada in tambayi na mene ne. In tambayi me? Wanda ya ce a yi masa aljihu daidai girman ƙwai ai ya gama bayani. Kafin in yaye yayarka na san inda kowane ƙwai da kowace allura suke kwana a jikin kowannensu. A nan na fara kuskure, don na ɗauki abin wasan yara. Na ce manyan maza da gemu sun rufe ƙofa suna rantsuwa a kan aljihun da na ɗinka, sai in yi dariyata in ci gaba da taka keke. Na zaci tunda sirrin ƙarami ne, rantsuwar ma ƙarama ce. Ashe ba ƙwan take tsarewa ba, bakin mutum take ɗaurewa, har ranar da maganarsa za ta ceci wani ya kasa buɗe shi. Don haka duk inda aka ce ka rantse za ka yi shiru, ka fara tambaya: idan shirun nan zai cuci wani fa? Idan ba su da amsa, ka ɗauki takalmanka ka fita.

Na san abin da za ka ce, don ka sha faɗa min. Wai naku daban ne, ba 'yan kasuwar ƙauye ba ne. Akwai malamin jami'a Bamisire, akwai mai haɗa magani Ba'indiye, akwai ɗan Filifin da ke wasa a manyan otal, kuna haɗuwa a falo mai sanyi kuna shan shayin karak kuna koya wa juna juya kati. Na ji. Amma ranar da ka zo da zoben ƙungiya a yatsa kana ta cusa hannu a aljihu, kuma ka gaisa da wani a bakin lifta na ga yadda yatsunku suka yi, sai na tuna zauren Sarkin Dabo. Mijin yayarka ya ce min a ƙasashen Turawa ma tun da can masu dabo da 'yan ƙungiyoyin sirri sukan zama mutane ɗaya, da hawa-hawan muƙami da gaisuwar hannu da ɗaki a rufe, wai har da kayan rufa-ido suke tsorata sabon shiga. Na ce masa ba sai an je Turai ba, na ga wannan daga bakin zauren Sarkin Dabo mai daɓen ƙasa. Kwat da turare ne kawai aka ƙara.

Kada ka ce na tsani sana'ar. Da ita aka ciyar da yayarka, da ita aka yi rufin ɗakin da aka haife ka a ciki. Ni da hannuna na koya maka ɓatar da goro kana ƙarami don ka daina kuka ka bar ni in yi ɗinki, ka ga ni na fara ɓata ka. Ranar da kuka kai ni otal ɗinku, na ga ka ajiye tiren rabon abinci, yara sun kewaye ka kana fito musu da ƙwallo daga hannun riga, wallahi na ji daɗi har na share hawaye, don hannun babanku na gani. Amma yaran nan da iyayensu sun san wasa suka zo kallo. An ruɗe su, sun yi tafi, sun koma ga abincinsu. Wanda ya zo da ciwo a jikinsa ba kallo ya zo ba. Idan ba ka iya raba waɗannan mutane biyu ba, to ba ka iya sana'ar ba tukuna, komai saurin yatsunka.

Akwai kuma maganar Mati. A ƙungiyar babanku suna da wanda suke kira baƙo. Ɗan ƙungiya ne, amma ba ya tafiya tare da su, sai ya riga su isa kasuwa ya shige cikin 'yan kallo kamar bai taɓa ganinsu ba. Mati ne baƙonsu. A wannan kasuwa gurgu ne, a waccan kurma, a ta gaba kuma mai ciwon dantse da aka yi wa jifa. Babanku zai shafa wurin ya ciro allura, Mati ya faɗi yana salati yana kuka, jama'a su ruɗe. Da yamma kuma ga gurgun nan ya shigo gidana da ƙafafunsa biyu yana tambaya ko tuwo ya sauka. Ni kuma in zuba masa har da ƙarin man shanu, muna ta dariya yana kwaikwayon yadda wata tsohuwa ta riƙe baki. Ban taɓa tsayawa na tambayi kaina abin da tsohuwar nan ta tafi da shi gida a zuciyarta ba, ko abin da za ta yi ranar da jikanta ya kwanta ciwo. Wautata ke nan, cikina ya ƙoshi na ɗauka kowa ma dariya ya tafi yana yi.

Shi ya sa da yayarka ta nuna min bidiyon walimar Sallah a waya, ban kai rabi ba na ce wannan Basudanen naku ne. Mai ciwo na gaske wurin ciwon yake kallo, shi kuwa jama'a yake kallo yana auna ko sun kamu. Mati ya fi shi iyawa nesa ba kusa ba. Da na tsare ka, ka yi 'yar dariya ka ce ai Usmanu ne, akawu ne a wani kamfani, ɗan'uwanku ne a ƙungiya, wasan ma shi ya kawo shawararsa. To shi ya kawo shawara ya koma falonsa, kai kuma ka koma Najma ka kwana cikin mutanen da wasunsu da laya a ƙugu suka hawo jirgi. Kati da ƙwallo ba su ishe ku ba, sai cire allura, a gaban Hausawa? Ko shi bai san mu ba, kai ai ka san mu. Kafin ka yi wasa ka dubi waɗanda za su kalla, ka tuna da abin da suka riga suka yarda da shi tun daga gida, don da shi za su fassara abin da ka yi.

Yanzu ga wanda har yau ba na son tunawa. Maƙwabcinmu Malam Buba mai faci, wani ƙullutu ya fito masa a wuya. Matarsa Delu ƙawata ce, turmi ɗaya muke daka. Suka zo wurin babanku ya cire. Ka san me ya ce musu? Ya sunkuyar da kai, ya yi murmushi, ya ce shi ba shi da komai, su je asibiti. Maganar da ka faɗa min a waya ke nan, ko kalma ɗaya ba ka canza ba. Wannan amsa a zaure ake koyar da ita, Auta. Duk ɗan ƙungiya haka yake cewa, kuma mutanenmu sun san mai abu ba ya cewa yana da shi. Musun ma a cikin wasan yake. Da suka ji haka sai suka ce roƙon ne bai kai ba. Suka kawo zakara, ya mayar musu, suka ce zakaran ne ya yi kaɗan. Haka damina ta wuce ƙullutu yana girma, suna jiran babanku ya sauko.

Ni kuma ina nan, ina daka da Delu kullum, allurar da take mafarkin a cire wa mijinta tana cikin gwangwanin zarena. Na ce rantsuwar maza ce, ba ruwana. Kuma ba zan ɓoye maka ba, ina jin daɗin yadda ake shakkar gidanmu. Akuyar kowa ba ta shiga shanyata, a rijiya ana matsa min in fara ja. Sai da Malam Buba ya kasa haɗiye koko aka ɗauke shi zuwa Zariya, likita ya yi ta faɗa yana tambayar inda suka tsaya tun tuni. Bai dawo da ƙafarsa ba. Bayan sadakar bakwai babanku ya tsaya a ƙofar masallaci ya juya rigarsa, ya nuna wa jama'a aljihunan ɗaya bayan ɗaya. 'Yan ƙungiya suka daina gaishe shi, ya koma awon hatsi. Ya yi daidai, amma ya yi shi bayan an rufe mutum. Delu har ta bar unguwar ba ta ƙara haɗa turmi da ni ba, kuma ban ga laifinta ba. Ranar da babanku ya rasu, cikin masu rabon goron nan Mati kaɗai na gani a zaman makoki.

Na ji yadda 'yan ɗakinku suke yi da kai. Sun bar maka gadon ƙasa kusa da esi mai hura sanyi, ana kawo maka shayi, ba mai taɓa sabulunka, kai da ka tare jiya-jiya. Kada ka ce min ba ka lura ba, ni na haife ka. Na san daɗin abin, na ɗanɗana shi a bakin rijiya. Amma girman da aka ba ka don tsoro, wani ne yake ɗaukar nauyinsa, kuma a ɗakinku Isiyaku ne. Ban ma taɓo maganar hukuma ba. Ƙasar nan ba ta wasa da zancen tsafi. Ranar da wani ya kai wa kafil ɗinka labari cewa kana cire sammu a Najma, ba wanda zai tsaya tambayarka ko allurar a tsakanin yatsu take. Sannan ka ga ko Bamisiren naku zai bar jami'arsa ya zo ya tsaya maka.

Don ka san tsufa ba ya hana wauta, ga wadda na tafka shekaranjiya. Da na ga ka ƙi, na ce ni ai ba wanda ya raba goro da ni. Na sa mijin yayarka ya kai ni Najma da hantsi kana wurin aiki. Muka hau benen nan naku da ke saman masu canji, takalma jibge a ƙofa, warin albasa da na safa sun haɗu. Na tarar da Isiyaku a kwance, da wasu da ba su fita aiki ba tukuna. Na ce su matso, zan nuna musu yadda ake cire allura. Niyyata in yi a hankali, in fara da nuna inda take ɓoye. Amma da na riƙe allurar sai hannu ya tuna. Shekaru ina kallon babanku yana gwaji a tsakar gida, ina kwaikwaya a bayan keke, ban taɓa samun 'yan kallo ba. Sai zuciya ta ce min in yi sau ɗaya yadda ake yi, bayani ya biyo baya. Na kama dantsen wani direba sa'anka na shafa, na ciro ta tsaf.

Ɗakin ya ɗauki salati. Direban ya yi baya har ya buge kai da ƙarfen gado. Na ji wani yana cewa ashe a nono ya sha. Na ce su tsaya su ga yadda aka yi, na buɗe yatsuna na nuna musu inda take maƙale, na sake yi a hankali, na kuma sakewa. Suna ta gyaɗa kai cikin ladabi kamar waɗanda aka ba amsar yara. Mijin yayarka ya juya yana kallon bango yana danne dariya, ni kuwa kamar in fashe da kuka.

Isiyaku ya tashi zaune da ƙyar ya ce, "Allah Ya ƙara wa Hajiya sutura. Mun gane, ba kowane abu ake faɗa a taro ba."

Na ce, "Kai Isiyaku, Basudanen nan abokin Mustafa ne. Tare suke cin abinci, shiri suka yi."

Ya ce, "Hajiya ba ta wurin. Ni na riƙe mutumin da hannuna, jikinsa rawa yake yi. Uwa dole ta rufa wa ɗanta asiri. In dai shi Mustafa ya kawo mutumin nan gabana suka faɗa da bakinsu, to na yarda, in bi Likita duk inda ta ce."

Ka ga abin da na jawo. Na je gyara na ƙara ɓatawa, yanzu a Najma ba maganar ɗan dabo ɗaya ake yi ba, gida guda ne. Ka ɗauki darasi daga uwarka: idan za ka warware ƙarya, kada ka fara da nuna gwaninta. Son a yaba maka yana nan maƙale a hannu ko gashinka ya yi fari, kuma shi zai riga ka magana.

To ga abin da nake so, kuma ba shawara nake ba ka ba. Ka je wurin Usmanu ka gaya masa akwai mutum kwance saboda wasan da kuka yi. Ka kawo shi ɗakinku gobe ko jibi, lokacin da mutane suke nan, ya naɗe hannun riga ya sake yin kukan nan da rawar jikin a gabansu, sannan ya tashi ya karkaɗe wandonsa ku gaisa irin gaisuwarku kowa ya gani. Kai kuma ka sa allurar a hannun Isiyaku, ka riƙe yatsunsa ka koya masa har sai ya ciro ta a dantsenka da kansa. Kada ka sunkuyar da kai, kada ka yi murmushi. Idan Usmanu mutumin kirki ne kamar yadda kake faɗa, kafin ka rufe baki zai ce yalla, mu je, ya ɗauki makullin mota. Idan kuma ya fara kawo maka zancen dokar ƙungiya, to ka ga irin 'yan'uwan da ka samu. Sai ka buɗe wayarka ka nuna wa Isiyaku hotunanku tare a falon nan, ka faɗi sunansa da aikinsa, ka yi ta faɗa har ya shiga kunnensa.

Maganar rantsuwa kuma na sa mijin yayarka ya tambayi limamin masallacin layinsu. Ya ce rantsuwar da riƙe ta zai cutar da bawan Allah, karya ta ake yi a yi kaffara. Ko azumi ne ya hau kanka ba zai kashe ka ba, kai da kake wuni kana juya kati ba ka nemi abinci ba. Wataƙila su karɓe zobensu, su daina kiranka falon. Wataƙila 'yan ɗakinku su yi ta yi maka dariya, a mayar da kai gadon sama kusa da silin. Za ka ji zafi, na sani, don kana son mutanen nan, sun koya maka abin da ranka yake so a garin da ba ka da kowa sai yayarka. Ban raina wannan ba. Kaɗaici ne yake kai namiji zaure, na gani a wurin babanku da ya tashi maraya. Amma ka samu wasu abokan, Doha ba ta rasa masu shan karak ba.

Yayarka ta yi magana da wani abokin aikinta, zai duba Isiyaku ranar Lahadi da safe. Iyakar abin da za ta iya ke nan, ba za ta saɓa ƙato a kafaɗa ta kai shi ba. Ta ce min irin wannan ciwo idan aka zo da wuri akwai abin yi. Ba ta ƙarasa maganar ba, ni ma ban ce ta ƙarasa ba.

Da zan bar ɗakinku, Isiyaku ya karɓe jakata ya ce sai ya raka ni mota. Na hana, ya ƙi. Yana gaba ina baya, hannunsa ɗaya a ƙarfen bene, kowane hawa sai ya tsaya ya yi kamar yana gyara takalmi don kada in gane numfashi yake nema. Da muka isa mota ya miƙo min jakar, ya durƙusa a bakin titi cikin ranar nan, ya ce:

"Hajiya, ki ce masa kada ya takura kansa saboda ni. Na san irin wannan aiki yana da lokacinsa. Duk ranar da ya ga dama, ina nan ina jira."

Na shiga mota muka tafi. Mutumin nan yana da mata da yara a Malumfashi, kuma kai yake jira, Mustafa, da ladabi da haƙuri, a gadon da ke kallon naka.

Kada ka zo min rakiya filin jirgi ranar Asabar sai ka yi abin nan. Idan ka yi, ka zo da wuri in dafa kanka in sa maka albarka da bakina. Idan ba ka yi ba, ka yi zamanka. Addu'a zan yi maka, don ba zan fasa ba har in koma ga Allah, amma ba zan iya kallon fuskarka ba.

Allah Ya tsare ka a inda kake, Ya tsare hannunka da bakinka, Ya haɗa ka da mutanen da ba sai an rufe ƙofa za ku zama 'yan'uwa ba. Allah Ya ba Isiyaku lafiya, Ya mayar da shi ga iyalinsa da ƙafarsa. Allah Ya jiƙan babanku, Ya jiƙan Malam Buba, mu kuma Ya yafe mana. Amin.

Wassalam.

Ni ce mahaifiyarka,
Umma.